Makullin Garaji Yana Hannuna

Zuwa ga Alhaji Haruna Mai Atamfa,
Shugaban kwamitin lekkol ɗin 'yan kasuwarmu,
Tamanrasset.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uba, ina fatan Alhaji da iyali da sauran dattawan kwamiti kuna lafiya. Ina gajiya, ina sanyin nan da ya fara gangarowa daga duwatsu? Yaya kasuwa bayan dogon rufin da aka sha? Allah ya buɗa mana baki ɗaya.

Ni ce Rakiya, wadda yara ke kira Madam Rakiya, malamar aji uku, matar Malam Sabi'u mai turare na kasuwar Assihar. Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli a wannan lekkol, makarantar da iyayenmu 'yan kasuwa suka kafa, domin ɗan Nijar da aka haifa a nan ya iya komawa Maraɗi ko Damagaram ya ci gaba da karatu ba tare da an yi masa dariya ba. Ina alfahari da ita, kuma ba na ɓoyewa.

Mako biyu da suka wuce mu malamai muka aiko muku da takarda, muka roƙi a yi wasu gyare-gyare kafin a sake buɗe lekkol, tunda korona ba ta bar gari ba. Ba ku amsa mana ba. Amsar sai ta fito a rumfar shayi, a tsakiyar kasuwa, inda kuka ce malamai sun ɗanɗana zaman gida, shi ya sa suke fakewa da ciwo. Maƙwabciyata ce ta jefo mini maganar ta saman katanga ina shanya. Da a ɗaki kuka faɗe ta, da a ɗaki zan amsa. Tunda a kasuwa kuka faɗa, zan liƙa wannan wasiƙa a ƙofar lekkol, in kuma karanta ta da muryata a wayar iyayen yara saboda waɗanda ba su karatu.

Zagin bai kai ya sa ni ɗaukar biro ba, mun sha wanda ya fi shi. Abin da ya sa ni rubutu shi ne ran mutum ɗaya, malamin aji ɗaya, Mushe Abdu, kamar yadda ake kiran malami namiji a lekkol, wanda kuka shirya mayarwa cikin garaji ranar Lahadi mai zuwa tare da yara arba'in.

1. Tambayar da kuka yi ranar Asabar

Ranku shi daɗe, bari in tuna muku yadda taron ya kasance. Iyaye sun cika tsakar lekkol, dattawa bisa tabarmi, mu malamai biyar bisa benci ɗaya. Kuka ce hukuma ta ba da izinin buɗe makarantu, don haka tamu za ta buɗe. Ba wanda ya musa. Da Mushe Iliya malamin lissafi ya tuna muku da takardarmu, sai kuka ɗaga hannu kuka ce: “Wanda ke jin tsoro shi tashi tsaye mu gan shi.” Ba wanda ya tashi. Kuka juya wajen Mushe Abdu, a gaban mutanen da rabinsu shi ya koya wa riƙon alli, kuka tambaye shi ko da abin da ke damunsa. Ya gyara zama ya ce: “Lahiya lau nike, Alhaji, sai godiya.” Nan take kuka sa magatakarda ya rubuta cewa malamai duka sun yarda.

Alhaji, ku mutumin Maraɗi ne, ni 'yar Tasawa ce, tarbiyya ɗaya aka yi mana. A ina kuka taɓa ganin dattijonmu ya miƙe cikin taro ya ce yana tsoro? A ina kuka ji an tambayi babba lafiyarsa a gaban 'ya'yansa ya ce babu? Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da hantsin ranar da ta rasu aka tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Haka muke, kuma ni ban ga aibin haka ba, mutuncinmu ne. Aibin yana ga wanda ya san halinmu sarai, sannan ya ɗauki wannan amsa ya rubuta ta a matsayin shaida. Ku da kanku, idan dillali ya kawo muku atamfa ba ku tambayarsa ko tana zuba. Gefenta kuke jiƙawa ku murza da yatsa ku gani.

Ni ma ban tashi ba, kuma wannan ne ke cina tun ranar. Ƙafata ta motsa, sai na dubi Mushe Abdu zaune, na ga ba zan iya miƙewa in tsaya a kansa ba. Na koma gida ina jin haushin kaina fiye da yadda nake jin naku.

2. Mutumin da za ku mayar cikin garaji

Ga waɗanda suka zo garin nan daga baya, Mushe Abdu mutumin Mirriya ne. A zauren gidansa lekkol ɗin nan ta fara da yara bakwai da allo ɗaya da ya shafa wa baƙin fenti da hannunsa. Yau idan kuka ga ɗan ɗayanmu ya tsaya a dowan, wajen masu awon kaya, yana cike wa ubansa takardu ba mai yi masa wayo, ku bi sawu za ku tarar da hannun Mushe Abdu. Ni da na zo garin nan ina amarya da takardar kolej a ƙasan akwati, shi ya ji labari ya aiko matarsa ta kira ni. Wata uku ina zaune a bayan ajinsa kafin ya miƙo mini alli. Baba nake ce masa.

Ya haura saba'in. Yana da ciwon suga, yana da fuka. Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin da ke kusa da nasa ya san lokacin sanyi yakan tsaya a tsakiyar magana ya dafa allo har numfashi ya dawo, yaran kuma sun saba, sai su jira shi.

Ku kuma dubi yadda yake aiki. Ba ya tsayawa gaban allo ya yi ta magana kamar mu. Yaro ɗaya ɗaya yake bi, ya durƙusa a gefensa, ya kama hannunsa cikin nasa, kunci dab da kunci, har harafin ya fito. Yaro ya yi atishawa, shi zai share masa hanci. Shekara talatin haka yake yi, kuma shi ya sa yaransa ke fita da rubutu mai kyau. Ku ce masa ya tsaya nesa da yara, zai ce to, kafin a yi minti goma ya manta, za ku same shi a durƙushe.

Ajin nasa kuwa garaji ne, kowa ya sani. Da yara suka yi yawa muka kwashe tarkacen mai gidan da lekkol take ciki muka sa benci. Ba taga ko ɗaya, sai ƙofar ƙarfe. Lokacin zafi ana barinta a buɗe. Yanzu sanyi ya shigo, wanda ke fasa wa yara leɓe da safe, kuma kun san dole a ja ƙofar. In kuka shiga da hantsi za ku ga jikin ƙarfen ya jiƙe da numfashinsu yana ɗiga. Nan ne za ku zaunar da mai fuka daga safe zuwa azahar.

Ba daga kaina na samo ƙarfin halin faɗin ciwonsa a bainar jama'a ba. Shekaranjiya matarsa, Inna Zulai, ta zo ta tsaya a ƙofar gidana, ta ƙi shigowa. Ta ce tun daren taro ya sa a wanke masa farar rigar koyarwa, ya goge ta da kansa ya rataye. Ta yi masa magana ya ce bai taɓa fashin ranar buɗe lekkol ba, ba kuma zai fara a shekarar da aka kira malamai matsorata ba. Ta ce da ni: “Ke ɗiyatai ce, ki yi wani abu, ni na kasa.” Kun gani, Alhaji, maganarku ta rumfar shayi ta isa kunnensa, kuma ita ce za ta shigar da shi garajin.

3. Batun rawani

A taron kun ce mutanen garin nan ba su buƙatar takunkumi, domin tun kafin a haifi korona maza ke rufe baki da hanci da amawali. Aka yi dariya, har da tafi. Maganar ta yi daɗi, amma ranku shi daɗe, ni ba ni da rawani. Abokiyar aikina Madam Halima ba ta da shi. Yaro ɗan shekara shida ba shi da shi. Shi kansa Mushe Abdu hula yake sawa, in ma ya naɗa rawani sai ya sauke amawalin, domin ɗan aji ɗaya sai ya ga bakin malami yake iya furta harafi.

Ko ga masu rawanin, ni ce zan ba da labari, ba a ba ni ba. Maigidana tun da ya zo garin nan ya ɗauki naɗin mutanen nan, har akwai masu sayen turarensa shekara da shekaru da ba su san yana da giɓi ba. Duk da haka ciwon ya same shi a tsakiyar zafin da ya wuce. Kwana goma sha tara muka yi. Na ga ƙato irinsa yana neman iska da baki buɗe kamar wanda aka danne wa ƙirji, ni kuma ina tsaye ba abin da zan iya yi masa. Ma'aikatan asibiti sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, ya kuma tashi. Amma yau in zai ɗauki kwalin turare daga mota zuwa shago sai ya huta sau biyu a hanya. Shekararsa arba'in da shida, ba suga, ba fuka. Ku ɗora wannan a kan Mushe Abdu ku gaya mini abin da zai rage.

Allah kaɗai ya san inda maigidana ya ɗauka. Abin da na sani shi ne, mai amawali in zai sha shayi ta ƙarƙashinsa yake tura kofi, ya kurɓa, ya miƙa a cika wa na kusa. Ranar Asabar ina zaune ina kallo, kofi uku ne suka zagaye bakin dattawan kwamiti kaf, zubi uku, ana cikin bayanin cewa rawani ya isa.

4. Moɗa da allo

Wannan gajere ne. Randa ɗaya gare mu a tsakar lekkol, da moɗa ɗaya ɗaure da igiya don kada ta ɓata. Yaran lekkol duka da ita suke sha, Mushe Abdu kuma da gangan yake sha bayansu, wai don kada yaro ya zaci malam na ƙyamarsa. Ƙananan allunan da suke rubutu a kai kuwa, duk wanda ya yi lekkol ya san da me ake goge su in malam ya juya baya: yawu da gefen riga. Sannan a miƙa wa malam ya duba. Mun rubuta muku wannan a takardarmu, ban sani ba ko kun kai wajen.

5. Zaman gidan da kuka ce mun ɗanɗana

Nan kam ku yi mini haƙuri, zan yabi kanmu, tunda ba wanda ya yi niyya.

Da aka rufe makarantu muka fara naɗar darasi a waya muna aikawa. Mako ɗaya muka gane aikin banza muke yi, domin wayar tana aljihun uba, uban kuma yana waje yana neman abin sa wa a baki. Sai muka bi shaguna muka tattara kwalayen shayi da na makaroni, muka yanka, muka riƙa rubuta darasi a bayansu. Kowane yaro kwalinsa da sunansa. Ranar Lahadi mu rataye a ƙofar gida, ranar Laraba mu zagayo mu karɓa, mu shanya a rana kwana biyu kafin mu gyara. Kwalaye nawa na shagonku na rubuta wa jadawalin ninkawa, ku tambayi yaran shagonku. Mushe Iliya da keke yake zagaya unguwannin bayan kwari, inda ma'aikatan gini ke zaune. Madam Halima tana da tsohon ciki, ba ta iya yawo, ita ta riƙa rubutun, har yatsanta ya yi kanta.

Mushe Abdu muka hana shi fita, bai hanu ba. Yakan tsaya a tsakiyar lungu da sandarsa, nesa da ƙofa, yaro na daga cikin zaure yana karanta masa baƙaƙe da ƙarfi. Aƙalla a fili yake, iska na kaɗawa. Akwai iyalin da suka koma Silet wajen aikin lambu, yaransu uku, har can kwalayenmu suka riƙa zuwa a motar masu kayan miya, suna dawowa da ƙamshin albasa. Ko a kwanakin da nake jinya, darasin aji uku bai tsaya ba, abokan aikina suka raba shi tsakaninsu ba tare da na roƙa ba.

Jikarku Nana tana ajina. Lokacin da aka rufe ba ta iya raba lamba biyu ba. Yau ku ba ta, ku gani. Ba bisa katifa muka koya mata ba. Idan wannan ne zaman gida, to wallahi aji ya fi shi hutu, kuma ba wanda ya fi mu ƙosawa a koma. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, ba mu da gona a nan, ba mu da rijiya. Abin da muka gina da hannunmu wanda za mu nuna mu ce namu ne, lekkol ɗin nan ce, kuma mu biyar ɗin nan muka riƙe ta da rai wata da watanni.

6. Makulli

Jiya da la'asar na shiga lekkol na rufe garaji, na cire makullin daga ƙusar da ake rataye shi. Kada a tuhumi mai gadi, ni ce. Yana ɗaure a bakin zanena. Ban ɗauka don raini ba, kuma a shirye nake in miƙa muku shi da hannu biyu ranar da iska ta samu hanyar shiga ɗakin.

Abin da muke roƙo

Na farko, a fasa taga biyu a garajin, ɗaya gabas ɗaya yamma. Na riga na je wajen mai gidan, dattijon nan mutumin Tazrouk, ya ce ginin ƙasa ne, a fasa, shi ma jikokinsa na karatu. Malam Nuhu magini, mutumin Tanut, wanda 'ya'yansa biyu suka bi ta hannun Mushe Abdu, ya ce shi da abokan aikinsa za su zo ranar Juma'a, ranar hutunsu, su gama kafin la'asar. Izinin kwamiti kawai suke jira.

Na biyu, a raba kowane aji gida biyu, rabi da safe rabi da yamma. Aikinmu zai ninka, mun sani, mun kuma yarda.

Na uku, a kwance moɗar nan. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa da ɗan tsumman goge allo. A ajiye buta da sabulu a ƙofa, mu za mu tsaya a kai.

Na huɗu, takunkumi. Teloli huɗu gare mu cikin iyayen yara, sun ce ƙyalle kawai suke so. Ban san wanda ya fi Alhaji Haruna Mai Atamfa ragowar ƙyalle a garin nan ba.

Na biyar, kuma shi ne babba. Ku je gidan Mushe Abdu ku kaɗai, ba da tawaga ba. Kada ku tambaye shi lafiyarsa, kun riga kun san amsar. Kada ku nuna masa tausayi, zai ƙi. Ku ce masa kwamiti ya yanke cewa bana shi ne mai duba aikinmu: a sa masa kujera a tsakar lekkol inda rana ke faɗawa, mu riƙa kawo masa littattafan yara yana dubawa yana yi mana gyara, kamar yadda ya saba yi ko ba a sa shi ba. Mutum ne da ba ya karɓar alfarma, amma bai taɓa ƙin umarnin shugabanni ba. 'Yan aji ɗaya ni zan ɗauke su da safe, Madam Halima ta riƙe mini nawa.

Na ƙarshe, maganar da kuka faɗa a rumfar shayi, ku koma rumfar ku janye ta. Ba sai kun ambaci sunana ba. Ku janye ta yadda zai ji, domin muddin tana nan, farar rigar nan ba za ta sauka daga inda ya rataye ta ba sai a jikinsa.

Ban manta alherinku ba, Alhaji. Ku kuka sa aka yi mana rufin kwano lokacin da ruwa ya rushe na ƙasa, kuma ku kuka sha tsayawa a buro, gaban hukuma, kuna yi wa lekkol ɗin nan magana lokacin da wasu suka noƙe. Shi ya sa na rubuto muku, ban kai kuka wani wuri ba. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya tsare shagonku da zuri'arku, ya sa ku ga auren Nana da idonku. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya jiƙan waɗanda ta ɗauka a nan da can gida, ya ba ku ikon yanke abin da ba za ku yi nadamarsa ba.

Na san Baba zai yi fushi da ni idan aka karanta masa wannan, domin na tona abin da ya shekara yana rufewa. Mai yiwuwa ya yi wata bai amsa gaisuwata ba. Na yarda da haka, in dai yana nan zan riƙa zuwa ina gaishe shi.

Ranar Lahadi za ku same ni a ƙofar lekkol tun ƙarfe bakwai, da allina da sabuluna. Idan an fasa tagogin, makulli naku ne. Idan ba a fasa ba, a tsakar lekkol zan shimfiɗa wa yara tabarmi mu yi karatu cikin rana, garaji kuma yana rufe.

Ranar Asabar kun ce wanda ke jin tsoro ya tashi tsaye ku gan shi. Na makara da kwana uku, amma ga ni na tashi. Ina jin tsoro, Alhaji. Ina tsoron ranar da za ku tsaya a sahun gaba kuna yi wa Mushe Abdu salla, kuna gaya wa mutane cewa ai da bakinsa ya ce lafiya lau yake. Ku sa magatakarda ya gyara abin da ya rubuta, ya sa sunana.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Rakiya, malamar aji uku.